Jan Ƙyallen da Ake Ɗaura Wa Injinanmu

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta abin nan, sai in fara in goge, don na san halin mutane, wani zai ce zama na yi na ƙirƙira don a karanta. To wallahi tallahi da ni ya faru, ido biyu, rana tsaka, kuma tabon yana nan a hannuna na dama da nake danna wayar nan da shi. Sunana da na kamfanin ba zan faɗa ba, ku yi haƙuri.

Shekara shida ke nan ko bakwai. Na gama karatun gyaran injina a Kano, na yi zaman jiran aiki har na gaji, sai yayan wani abokina ya haɗa ni da wani kamfanin casar shinkafa, in ka karya ta Kwanar Ɗangora ka miƙi hanyar Tudun Wada, yana gefen titi kafin ka shiga gari. Ba wani babban kamfani ba ne amma yana da kaya, akwai injin casa, akwai na tsince tsakuwa, akwai na busarwa, ga janareto, sannan uwa uba boila, wato ƙatuwar tukunyar ƙarfen da ke dafa ruwa ta ba da tururin da ake turara shanshera da shi. Da buntun shinkafa ake hura mata wuta. Ni aka ɗauka mai kula da lafiyar duk waɗannan, ina ɗan shekara ashirin da ɗoriya, wando a matse, kullum abin jin kiɗa a kunne, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni sanin inji.

Wanda ya zaga da ni ran farko shi ne Malam Garba, mai hura wa boila wuta, mutumin wajen Kiru ne, ya isa ya haife ni. Tun a gaisuwa na ga bai yi murna da zuwana ba, daga baya na ji ashe ya sa rai shi za a ba kujerar. Ya kai ni wani ɗan ɗaki kusa da boila ya ce nan ne ofishina. A bango na ga ƙusa an rataye mata dami guda na jan ƙyalle, an yayyaga shi siri-siri, gefe kuma ga wata doguwar sukundireba, mariƙinta na katako ya sha hannu har yana sheƙi.

Na ce, "Malam Garba wannan fa, bori ake yi a nan?"

Ya ce, "Kayan Baba Isiyaku ne, wanda ka gada. Duk Juma'a daga asuba har a sauko masallaci ba a tada inji a gidan nan. Shi kaɗai zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora bakin sukundirebar nan a jikin ƙarfe, ya sa mariƙin a kunne ya saurara. Wanda ya ji ba daidai ba sai ya ɗaura masa jan ƙyalle. Inji mai jan ƙyalle ko mai kamfani bai isa ya ce a tada shi ba sai an gyara."

Na ce yana ina yanzu? Ya ce ciwo ya kayar da shi, 'ya'yansa sun mai da shi gida Riruwai, can ya koyi aiki tun zamanin haƙar kuza. Na yi dariya na ce to yanzu zamani ya canja, ba a sauraren inji da kunne kamar mai sayen kankana. Ya dube ni ya ce, "Haka ne Injiniya." Yadda ya ja kalmar Injiniyar nan, wallahi har raina na ji ta.

Maganar gaskiya tun kafin in zo hutun Juma'ar nan ya fara lalacewa, ni kuma na ƙarasa shi. Kaka ta shigo, motocin shanshera sun yi layi har bakin titi, Manaja ya kira ni ya ce, "Ka ga Injiniya, wata biyu ne kacal. Ka lallaɓa mana su, bayan kaka ka kwance duk abin da kake so ka wanke." Ni sabon ɗauka, ina son a ce na iya, na ce ba komai ranka ya daɗe. Aka koma ran Juma'a ma aiki ake har sai an kira sallar farko, a je masallaci a dawo a ɗora. Giris sai na tuna, bel sai ya yi ƙara, haka muka yi ta tafiya.

Juma'a ta uku da zuwana, mun dawo daga masallaci, sai na ga jan ƙyalle a jikin boris ɗin injin casa, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Na tsaya na duba, ɗaurin wani iri, sako-sako, gefe ɗaya a tattaune kamar da haƙori aka ja shi. Na taɓa boris, ba zafi, ba ƙara. Na cizge ƙyallen na je wajen Malam Garba na ce wasa ne wannan ko me? Ya kalli ƙyallen ya kalle ni ya ce shi tare muka tafi masallaci, sahu ɗaya ma muka yi. Gaskiya ne kuma. Amma na ce a raina ai yana iya sa wani.

Ranar Litinin boris ɗin nan ya ƙone ƙurmus, muka yi wuni guda ba aiki, Manaja yana ta zagaye ni yana tsaki.

Kun san me na kawo a raina? Ban ce an gargaɗe ni na ƙi ji ba, a'a, cewa na yi Malam Garba ne ya zuba wa boris yashi, ya ɗaura ƙyalle don a ce tsohon ya fi ni ko yana kwance. Na wanke boris ɗin da fetur ina neman yashi, ban ga ko ƙwaya ba, bushewa ce kawai, giris ya ƙare masa tun tuni. Duk da haka zuciyata ba ta sake shi ba. Na fara lura da kowa. Mai gadi in ya gaishe ni sai in ga kamar da wata manufa. Masu dako in suna dariya sai in ce da ni suke. Har matan da ke ɗinkin buhu da tsince shinkafa ban bari ba, su goma sha wani abu, shugabarsu Inna Hajara, wata dattijuwa mai barkwanci da take ce mini ɗan birni mai toshe kunne.

Juma'a ta gaba, ƙyalle a jikin bel ɗin injin busarwa. Wannan karon na juya bel ɗin na leƙa cikinsa, sai ga tsaga ta kusa rabi, daga waje ba ka gani. Na canja shi shiru ban gaya wa kowa ba. Sannan na shiga ɗakina na kwashe damin jan ƙyallen nan gaba ɗaya, na je gaban Malam Garba na watsa shi cikin wutar boila, na ce to a ga abin da za a ɗaura kuma. Ya ce, "Ashsha Injiniya. Ƙyalle me ya yi maka?" Ban kula shi ba.

To ana cikin haka boila ta fara ba ni matsala. A samanta akwai wani bawul, aikinsa in tururi ya yi yawa ya buɗe da kansa ya huce, don kada tukunyar ta fashe. A gabanta kuma akwai agogo mai allura da ke nuna ƙarfin tururin, yana da wajen kore da wajen ja. Sai bawul ɗin nan ya fara huci ba gaira ba dalili, fuuu, fuuu, alhali allurar agogo tana zaune lafiya a tsakiyar kore. Duk hucin da ya yi tururi ya ragu, masu turara shanshera su fara ƙorafi, Manaja ya fito. Na ce sifirin ɗinsa ne, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke danne shi, ya saki, sai an sayo sabo a Kano. Ya ce a yi dabara kafin nan.

Dabarar da na yi, Allah ya yafe mini, ita ce na hau tsani na samu waya mai kauri na ɗaure hannun bawul ɗin tam yadda ba zai ɗaga ba. Duk wanda ya san inji ya san wannan haramun ne a aikinmu, a aji ma an gaya mana, amma na ce ai ga agogo, in allura ta doshi ja sai a rage wuta. Malam Garba yana ƙasa yana kallona, ya ce, "Injiniya, Baba yana cewa in bawul da agogo suka yi gardama, bawul ake ba gaskiya." Na ce Baba yana Riruwai, ni nake nan.

Wannan ran Talata ne. Ran Juma'a muka dawo daga masallaci, na ɗaga kai, ga jan ƙyalle a jikin wayar da na ɗaura. Sabo fil, alhali na ƙone damin duka. Ɗauri iri ɗaya, gefe a tattaune.

Kai, ranar na yi faɗa. Na tara ma'aikata na ce duk munafukin da yake min wannan ya fito. Inna Hajara ta ce, "Ɗan nan, mu da ko tsanin ba ma iya hawa? Mu dai muna nan gindin bango muna cin ɗan abincinmu, ba mu ga kowa ba." Mai gadi ya rantse shi ya kulle get da hannunsa ya tafi da makulli masallaci. Na hau na cire ƙyallen na sa a aljihu, wayar kuwa na bar ta yadda take, don taurin kai. Sabon bawul an ce sai mako mai zuwa.

Duk makon nan ban da saƙe-saƙe a zuci ba abin da nake yi. Na yanke shawara Juma'a mai zuwa ba zan je masallaci ba, zan ɓuya in kama mutumin da hannuna. Na san laifi ne barin Juma'a, har yau ina istigfari a kai, amma a lokacin zargi ya rufe min ido.

Ranar ta zo. Aka kira salla, kowa ya yi alwala, na bi su har bakin get na ce na manta wayata, su yi gaba zan taho a mashin. Mai gadi ya ɗauka na fita ta ƙaramar ƙofa, ya kulle ya tafi. Na lallaɓa na shige bayan tarin buhuna inda nake hango boila sosai. Kafin Malam Garba ya tafi, kamar yadda Manaja ya tsara tunda kaka ta shigo, ya cika mata buntu maƙil ya bar fankar hura iska a kunne, don kada a dawo a tarar wuta ta mutu a ɓata lokaci. Ku lura da wannan, wuta tana ci, ba mai jan tururi tunda masu turarawa sun tafi, bawul kuma a ɗaure. Ni a lokacin ko a jikina, ina leƙa agogo daga nesa ina ganin allura a kore. Matan kuma suna bayan bangon ɗakin boila, inuwa ce mai kyau a wajen, bulo ɗaya ne tsakaninsu da tukunyar, ina jin hirarsu da ƙarar kwanuka, wata ma da goyo.

Na fi minti ashirin a tsugune, zufa ta jiƙa ni, ƙaiƙayi yana cina. Na sunkuya na kashe wata tururuwa a ƙafata, ina ɗagowa sai na ga mutum a gaban boila.

Ban ji buɗe ƙofa ba, ban ji taku ba. Tsoho ne, gajere, baƙi, da furfura a gemu, yana sanye da shuɗiyar rigar aiki da ta koɗe, da hula ta saƙa. Ya jingina bakin doguwar sukundireba a jikin boila, mariƙin a kunnensa na hagu, ya rufe ido. Hannunsa na dama yana rataye a gefe kamar ba nasa ba. Kuma wallahi ban ji tsoro ba ko kaɗan, daɗi na ji, na ce yau na kama su, wato wani tsoho suke shigowa da shi ta katanga.

Na fito na ce, "Baba sannu. Wa ya shigo da kai?"

Bai buɗe ido ba. Ya ce, "Yi shiru, ina ji."

Na ce, "Magana nake maka Baba, nan ba wajen shigowa ba ne. Garba ne ya turo ka ko?"

Sai ya sauke sukundirebar ya juyo. Na lura ɗan yatsansa na tsakiya a hannun hagu guntu ne, ba gaɓar ƙarshe. Ya ce, "Kai ne yaron da ya ɗaure mata baki?"

Na ce sifirin ne ya saki, ga agogo nan ai, duba, kore.

Ya ce, "Agogon nan rabonsa da gaskiya ya fi wata. Ƙwanƙwasa shi."

Ban san me ya sa na bi maganarsa ba. Na matsa na sa bayan yatsa na ƙwanƙwasa gilashin, ba abin da ya motsa. Ya ce, "Ba nan ba, bututun da ke ƙarƙashinsa. Da ƙarfi." Na zaro sifana a aljihu na buga wa ɗan siririn bututun nan sau biyu.

Jama'a, allurar nan tsalle ta yi. Daga tsakiyar kore ta wuce ja gaba ɗaya ta je ta daki ƙusar ƙarshe tana rawa. Sai a lokacin kunnena ya buɗe, na ji tukunyar tana wani irin gurnani ƙasa-ƙasa, ƙarfen yana tas, tas, kamar ana taka busasshen kara, ashe tun ɗazu take yi. Innalillahi.

Ya ce, "Fanka tukuna. Kada ka kuskura ka ba ta ruwan sanyi. Sannan ka hau."

Na ruga na kashe fanka, na buɗe ƙofar wuta na ja buntun da ke ci da shebur waje iya wanda na iya, ina ihu, "Inna Hajara ku tashi! Ku bar wajen nan! Ku gudu!" Na ji ta daga bayan bango tana cewa, "Ɗan birni lafiya? Ba ka je masallaci ba?" Na ce ku gudu boila ce! Sai na ji kwanuka sun watse. Na ɗauki filaya na hau tsani, ƙarfen tsanin kansa zafi yake, na datse wayar, bawul ya ƙi ɗagawa, ya kwana goma a ɗaure ya kame. Na buga masa filayar, shiru. Na sake bugawa da duk ƙarfina ina salati. Sai ya buɗe.

Ƙarar da ya yi, mutanen da ke masallaci a cikin gari sun ce sun ji ta. Tururi ya yi sama ya ɗaga kwanon rufi guda, gefensa ya shafi hannuna daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ban ma san na ƙone ba sai da na sauko. Na zauna a ƙasa ina kallon allura tana saukowa a hankali, a hankali, har ta dawo kore.

Na waiga in ce Baba na gode, ba kowa.

Na zaga ɗakin boila, na leƙa bayan buhuna, na je get, a kulle da kwaɗo ta waje, ƙaramar ƙofar ma haka. Katangar gidan doguwa ce da waya mai ƙaya, ni da nake saurayi ba zan haura ta ba. Na shiga ɗan ofishina, sukundirebar tana rataye a ƙusarta, na taɓa bakinta, da ɗumi. Na dawo, a hannun bawul ɗin da na buga da kaina minti biyar da suka wuce, ba komai a jikinsa a lokacin, ga jan ƙyalle yana lilo.

Matan suna can bakin get sun cure waje ɗaya, mai goyon tana kuka. Na ce Inna, tsohon nan ta ina ya fita? Ta ce wane tsoho? Na ce wanda muke magana da shi. Ta ce, "Ni dai muryarka na ji ita kaɗai, na ce wa yaran nan ɗan birni yana waya da budurwarsa a ranar Juma'a." Tana faɗa tana dariya, sai ta kama hannuna ta ga ƙunar ta fara salati.

Da aka sauko, Malam Garba ya shigo da gudu. Na ba shi labari, na kwatanta mutumin, rigar, hular, guntun yatsan. Ya zauna a kan buhu ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce bel ne ya cinye yatsan, a gabansa aka yi. Washegari da boila ta huce muka kwance ɗan bututun agogon, ya toshe tam da wani farin abu kamar kanwa, dattin ruwan burtsatse ne da ya daskare. Wato bawul lafiyarsa ƙalau, gaskiya yake faɗa tun farko, agogo ne ya makance. Manaja ya juya bututun nan a hannunsa ya fi sau goma, ya kalli bangon da matan ke zama a bayansa.

Za ku ce daga nan na sallama ko? Ina! Zuciya ba ta da kunya. Na kwana ina cewa to ai ba wanda ya ce tsohon ya mutu, ciwo aka ce, wataƙila ya warke, Garba yake ɗauko shi a ɓoye yana da wani makullin. Na ce wa Malam Garba ina son in je in yi masa godiya. Ya ce, "Godiya ko bincike?" Na ce duka. Ya ce mu je.

Ran Lahadi muka shiga mota, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Doguwa, muka hau Riruwai wajen azahar. Ban bar Malam Garba ya taɓa waya ba a hanya, ina lura da shi. 'Yarsa ce ta yi mana iso, babbar mace, ta ce mu shiga yana farke.

Shi ne. Wallahil azim shi ne, ba kama ba. Sai dai wannan ya rame ya zama rabin wancan, yana kwance a katifa a ƙasa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. 'Yar ta ce shekara uku ke nan ko zama sai an tayar da shi an jingina, ƙofar ɗakin nan bai taka ta da ƙafarsa ba tun da aka kawo shi. Na kalli ƙafafunsa, sun sirance kamar na yaro, tafin sumul ba kaushi. Wannan ƙafar ba ta taka ƙasa ba, ko makaho ya shafa zai gaya maka.

Malam Garba ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba ga sabon injiniyanmu na kawo maka." Na durƙusa na ce Baba ina wuni, ya jiki? Ya daɗe yana kallona. Sannan idonsa ya sauka kan bandejin hannuna. Maganarsa da ƙyar take fita, sai ka kasa kunne. Ya ce, "Na ce... ka hau. Ban ce... ka tsaya ta gefen bakin bawul ba."

Malam Garba ya fara wani tasbihi ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Tsinken... yana saman ƙofa. Wayar keke. Duk Juma'a... a zura wa bututun." Sai ya rufe ido kamar ya gaji.

Muna zaune 'yar ta kawo masa ƙullin magani a leda, ya sha, sai na ga ya jawo bakin ledar da hannun hagu, ya kama gefe ɗaya da haƙori ya ja ya ƙulle. Na sa hannu a aljihu na taɓa ƙyallen da na taho da shi, mai gefe a tattaune. Ban fito da shi ba.

Da ta rako mu zaure na tambaye ta, na ce Yaya, ran Juma'a yaya yake wuni? Ta dube ni da mamaki ta ce wa ya gaya maka? Ta ce duk Juma'a in an tafi masallaci barci yake yi mai nauyi, ko an tashe shi ba ya tashi, sai an sauko. Kuma abin da ya dame ta, in ta zo goge masa jiki da yamma sai ta ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa na hagu, ta wanke, wata Juma'ar ya dawo. Ta ce ta kai maganar wajen malamai, wani ya ce gumi ne, wani ya ba da rubutu. Ta ce shekaranjiya kuwa da ya farka har tari ya yi ta yi, ɗakin yana warin hayaƙin buntu, alhali su da itace suke girki.

Muka shiga mota muka kamo hanya har muka fito daga daji. Sai na ce, "Malam Garba ka yafe ni." Ya ce, "Ba komai Injiniya." Wannan karon bai ja kalmar ba. Muna isa na sa hannu a saman ƙofar ofishina, inda ban taɓa dubawa ba, ƙura ta yi kauri, ga wayar keke an lanƙwasa mata kai.

Na samu Manaja na ce ko a dawo da hutun Juma'a ko in ajiye aiki, kuma ba a ƙara barin wuta ba mutum. Ya ce a dawo da shi. Na sayo jan yadi da kaina a kasuwar Tudun Wada na yayyaga na rataye a ƙusar. Malam Garba ya koya min sauraro da sukundireba, kuma wallahi ana ji, boris mai ƙishin giris kukansa daban. Na ƙara shekara biyu a wajen. Sau ɗaya tak na sake ganin ƙyallen da ba ni na ɗaura ba, wata Juma'a da na yi sauri na tsallake famfon ruwa. Bayan nan da 'yan watanni aka aiko Baba Isiyaku ya rasu, Allah ya jiƙansa, muka je gaisuwa. Tun daga ranar ban ƙara gani ba.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne ya ɗauki siffarsa, wani ya ce in bar abin a wajen Allah. Na bar shi. Ni dai ban sani ba.

Abin da nake so in gaya wa duk mai aiki da inji, ko boila ce, ko janareto, ko injin niƙa na ƙofar gida, ranar duba shi ranar duba shi ce, ko layin motoci ya kai Kano. Kada ka ɗaure abin da aka yi don ya yi maka ihu. In mai gida ya ce a lallaɓa zuwa bayan kaka, ka tuna akwai masu cin abinci a bayan bango.

Yanzu a Kano nake aiki, wajen ya fi can girma nesa ba kusa ba. Amma har yau duk Juma'a in na dawo daga masallaci sai na bi injina ɗaya bayan ɗaya ina duba ko zan ga ja. Ba na gani. Da farko ina jin daɗin haka, yanzu kuwa shi ne yake sa tsigar jikina tashi, don ban san ko lafiyarsu ƙalau ba ce, ko kuwa dai mai ɗaurawar ne babu.